Zabbi Huɗu a Ƙofar Ofishin Agaji

Shekara huɗu na yi ina yi wa wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje aiki tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, amma ko sau ɗaya sunana bai shiga jerin ma'aikatanta ba. Da farko ɗan sa-kai suke kirana. Daga baya aka ce an ɗaga ni, na zama ma'aikacin yini, wato wanda ake bugo wa waya ran da ake bukatarsa, a manta da shi ran da ba a bukata. Ka ji ɗagawa.

Lokacin ne mutanen ƙauyuka suka riƙa kwararowa cikin Kaura saboda 'yan bindiga, mata da yara da tsofaffi, wasu a kangaye, wasu a azuzuwan firamare, wasu a gefen tashar jirgin ƙasa. Ni kuma na gama babbar difloma a poli, na yi bautar ƙasa, na dawo ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi da ko allon kirki ba ta da shi. Da ƙungiyar ta kama hayar wani gida a bakin hanyar Gusau ta ce tana neman masu jin Turanci da Hausa, ban yi shawara da kowa ba na tafi.

Da awon hannun yara na fara. Wani ɗan ma'auni ne mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro. In ya tsaya a kore lafiya lau, in ya tsaya a ja to tamowa ta ci jikinsa, sai a rubuta shi a tura asibiti. Daga nan na koma tafinta. Daga tafinta na zama wanda ake turawa gaba, kuma wannan shi ne ainihin aikina. Kafin farar motarsu ta shiga kowane ƙauye, ni nake hawa babur in je in durƙusa gaban mai gari, in gaida liman, in bayyana su wane ne ke tafe da abin da ya kawo su. Ni na koya musu cewa ba a zuwa wurin mai gari hannu rabbana. Ranar da suka fara zuwa wani ƙauye a ƙasar Zurmi da takarda da biro kawai, mai garin ya bar su a rana har azahar, sannan ya aiko wai ba ya jin daɗin jikinsa. Na ce a ba ni goro. Washegari muka koma da ƙullin goro, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Tun daga ranar goro ya shiga cikin kayan tafiyarsu. In manyansu suka zo daga Abuja har nuna ni ake yi, ana cewa ga wanda ya san al'adar mutane. Su koma su rubuta rahoto a ɗaki mai sanyi, sunana babu a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba wai na zauna ina cizon yatsa ba ne. Na riƙa tambaya, har na ishi mutane. Wani jami'insu mai kula da kaya da motoci, mutumin kirki, shi ya zana mini hanyar a bayan kwalin magani. Ya ce abin tsani ne. Matakin farko ka samu kwantiragi, sunanka ya shiga cikin ma'aikatan ƙasa. Ka yi shekara biyu ko uku kana riƙe da wani sashe, ka iya rubuta rahoto, ka san ka'idojin aikin jinƙai, sannan ka nemi shiga jerin waɗanda ake turawa wasu ƙasashe. In kuwa manyan hukumomin duniya kake hange, ko aikin jakadanci, to sai digiri, sau da yawa har da na biyu, da wani harshe bayan Turanci, Faransanci ko Larabci, da jarrabawa, da mutum biyu ko uku masu muƙami da za su tsaya maka. Wasu hukumomin ma, in ji shi, sai ka je babban ofishinsu a Turai ka yi watanni kana koyon aiki ba albashi. Nan na yi dariyar takaici. Ɗan manomin gero daga Ɗan Isa ne zai je Turai ya zauna yana ciyar da kansa? Da me, da damin dawa? Waɗanda suka gina wannan ƙofa sun san ba tsawonmu suka auna ba.

Duk da haka na ɗaura ɗamara. Na shiga karatun ƙarshen mako a Gusau don in cike giɓin da ke tsakanin difloma da digiri. Na yi kwasa-kwasan intanet na kyauta ɗaya bayan ɗaya, ina zaune a shagon caji a bakin kasuwar hatsi, ƙurar gero na shiga mini ido, har satifiket suka cika jaka. Faransanci kuwa a wurin wani dattijo mutumin Nijar na koye shi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko a bakinsu, wanda ya zauna a Jangeru yana sayar da maganin dabbobi. Duk ranar kasuwar Shinkafi ina gefen rumfarsa da littafi, yana auna wa Fulani maganin tsutsa yana gyara mini lafazi. Amma duk wannan wahala ba ta da amfani in ban taka matakin farko ba. A takardar tarihin aiki, shekaruna huɗu na yini-yini ba a lissafa su a matsayin gogewa. Babu kwantiragi, babu shaida. Ga shekaru suna tafiya, shirye-shiryen ɗaukar matasa da nake gani a intanet duk suna da iyakar shekaru, kuma na kusa tsallake ta.

Ana nan sai ƙungiyar ta fitar da gurbin jami'in hulɗa da al'umma, cikakken ma'aikaci, mazauni a Kaura. Da na karanta bayanin aikin sai da na duba ko sunana ne aka manta ba a sa a sama ba, don abin da nake yi ne kullum aka jera. Na cike fom. A shafin ƙarshe akwai wani gargaɗi: duk mai neman aiki da ya yi ƙoƙarin jan ra'ayin masu ɗauka ta hanyar kyauta ko aiko wani ya yi masa magana, za a cire sunansa. Na karanta, na sa hannu. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai. Aka yi jarrabawar rubutu, na ci. Mutum uku aka ware don intabiyu, ina ciki.

Yanzu sai in faɗi yadda nake da mahaifina, don wanda bai san wannan ba ba zai gane sauran ba. Ni ɗan fari ne. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a yankinmu, uba yana jin kunyar ɗansa na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ya zama dole sai ya ce wanga yaro, ko ya ce kai. Ƙannena suna zama kusa da shi su yi hira har su yi dariya, ni kuwa gaisuwa ce daga nesa, yana kallon bango ina kallon ƙasa. Ran da na ci jarrabawar shiga poli bai ce mini komai ba, sai dai na ji a gari cewa ya raba goro a masallaci. Duk wata magana tsakaninmu ta bakin Baffa take bi, ƙanensa da ke bi masa, mai yawan magana da saurin yanke hukunci. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka na tarar, haka aka yi wa shi kansa.

Ni na jawo wa kaina. Na gaya wa Baffa maganar intabiyu don a taya ni da addu'a. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi a ƙofar ɗakina a Kaura, ya ce yayansa ya ce zai zo da kansa ya gaida shugabar ofishinmu. Shugabar wata mata ce daga gabashin Afirka, kowa Madam yake kiranta, ba ta jin Hausa sai sannu da na gode. Na yi wa Baffa bayani dalla-dalla cewa waɗannan mutane suna da doka, in aka kai musu ko ƙwayar goro a kan maganar aiki to an kashe ni. Ya saurare ni yana murmushi irin na wanda yaro ke ba labarin mafarki.

"Kai wanga yaro, boko ya cika maka kai," in ji shi. "Wane babba ne za a kai ma gaisuwa ya ce yana so? Kowa da baki yake ƙi. Ba kai ke kai musu goro wurin masu gari ba?"

Na ce wannan daban. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ya tada babur ɗinsa.

Washegari na tafi Ɗan Isa da niyyar in faɗa wa mahaifina da bakina. Lokacin kaka ne, na same shi a bakin rumbu ana ɗaura damman gero. Na durƙusa na gaishe shi. Muka yi maganar amfanin gona, muka yi maganar hanyar Zurmi da ta sake lalacewa da tsoro. Maganar da ta kawo ni kuwa ban taɓo ta ba. Ta yaya zan dubi mutumin nan in ce kada ka je? In na faɗi haka, na nuna na san ya damu da ni, shi kuma dole ya amsa cewa ya damu, kuma shekara talatin da wani abu mun yi muna kewaye wannan magana. Abin da na iya fitarwa kawai shi ne, maganar aikin nan addu'a ta isa, ba sai an wahala ba. Bai dube ni ba. Ya ce to. Na hau babur na dawo ina yaudarar kaina cewa an gama. Mutumin da ke shiga gaban masu gari yana sasanta su da Turawa, ya kasa faɗa wa ubansa magana ɗaya. Wannan takaicin har yau bai sake ni ba.

Ranar Litinin ina can wani ƙauye bayan Zurmi ana rabon abincin yara. Abin da ya faru a ofis direbanmu ne ya ba ni labari, don shi aka kira ya yi tafinta. Ya ce da hantsi sai ga babur ya tsaya a ƙofa, Baffa na tuƙi, mahaifina a baya da babbar rigarsa ta sallah da rawani, ga zabbi huɗu an ɗaure ƙafafunsu an rataya a kan babur, ga ƙullin goro a ganye. Mahaifina bai taɓa shiga wani ofis ba in ba na rigakafi ba. Mai gadi ya ce Madam tana taro. Suka zauna a benci har rana ta take. Da ta fito, mahaifina ya cire takalmi, dattijo mai furfura, ya rage tsawo a gaban matar da ba ta kai ƙanwar matarsa ba. Ya yi mata godiya a kan yaran da ake ceto. Ta ji daɗi, ta zaci wani mai gari ne. Ta tambaye shi daga ina yake. Ya ce ɗansa na aiki a nan. Ta ce wanne? Direba ya ce mahaifina ya dubi Baffa, Baffa ya buɗe baki zai amsa, sai mahaifina ya ɗaga masa hannu. Ya faɗi sunana da kansa, a fili. Sannan ya ce amana ce ya kawo mata, ya ji ana maganar wani aiki, a dubi yaron, ba ya sata ba ya ƙarya.

Karo na farko ke nan da aka ji sunana a bakinsa, ni kuma ina can ina ƙirga katan-katan na abincin yara. Direban ya rantse mini cewa ya so ya rage maganar, ya mayar da ita gaisuwa zalla, amma akwai wani jami'in ɗaukar ma'aikata da ya zo daga Abuja don intabiyun, yana tsaye a baranda, kuma yana jin Hausa. Madam ta ce ba za ta karɓa ba. Ta faɗa sau uku. Mahaifina ya yi murmushi, don haka ake yi, ya ajiye zabbin a gindin bishiyar dalbejiya, ya sa takalminsa, suka tafi. Zabbin suka cika gidan da kuka. Wanda ya san kukan zabo ya san ba abin da ake ɓoyewa ba ne.

Washegari Madam ta kira ni. Jami'in Abuja yana gefe da kwamfutarsa a buɗe. Da Turanci ta yi magana, a hankali, idonta ya yi ja kamar ba ta yi barci ba. Ta ce doka ta tilasta mata ta rubuta rahoto, kuma ta rubuta. Raina ya ɓaci, na manta da ladabi. Na ce mata shekara huɗu ina ɗauko goro a motarku ina kai wa masu gari don su buɗe muku hanya, kuna tafa mini, kuna kiransa girmama al'ada. Yau tsoho ya kawo muku irin gaisuwar da kuke kaiwa, ta zama cin hanci? Ta ce goron da muke kaiwa don yara marasa lafiya ne, ba don wani ya samu muƙami ba, kuma in ta rufe ido yau, gobe wanda ya fi mahaifina ƙarfi zai kawo bijimi. Gaskiya ta faɗa. Ni kaina na ga yadda ake sayen gurbi a jerin masu karɓar agaji a wasu wurare, na kuma tsani abin. Gaskiyar tata ce ma ta fi ƙona mini rai, don ta hana ni wurin da zan ajiye fushina.

Sai jami'in Abuja ya ɗago kai ya tambaye ni ko na san mahaifina zai zo. Kafin in amsa ya ce akwai ƙofa ɗaya da ta rage. In na rubuta takarda cewa ban san da zuwan ba, kuma na nisanta kaina da abin da aka yi, zai kai wa kwamiti, wataƙila a bar ni in shiga intabiyu.

Zan so in ce na miƙe na fita. Ban fita ba. Na zauna a kwamfutar ofis na rubuta. Da kyakkyawan Turancin da na sha wahalar koyo, na rubuta cewa mahaifina tsoho ne ɗan ƙauye da bai yi karatu ba, bai san yadda ake aiki a zamani ba. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun ban zo duniya ba, wanda mutane ke kawo wa wasiƙar ajami ya karanta musu, shi na kira marar karatu. Na rubuta cewa ban san da zuwansa ba, ƙarya ke nan. Na rubuta cewa na yi tir da abin da ya yi. Na karanta sau biyu na gyara waƙafi, na sa hannu. Hannuna ko rawa bai yi ba, wannan ne abin da ba na yafe wa kaina.

Ranar Alhamis amsa ta zo ta imel, layi uku. Kwamiti ya yaba da gaskiyata, amma doka doka ce, an cire sunana. An kuma dakatar da kirana aikin yini har sai an ga hali.

Bari in faɗi wanda ya samu aikin, ko da yake daga baya na san shi. Wani matashi ne mai digiri na biyu daga wata jami'a a waje, mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kan halinsa. Hausar littafi yake ji. Ran da wata tsohuwa ta yi masa magana da harshenmu na nan, sai da ya waiga neman mai fassara. A cikin masu tsaya masa akwai wani tsohon babban jami'i da ya taɓa zama maigidan rabin mutanen ofishin Abuja. Ba wanda ya kai zabo. Waya aka buga, aka ce yaron nan na san shi, yana da ƙoƙari. Wannan sunansa shaidar cancanta, har gurbi aka ware masa a fom. To me mahaifina ya ce in ban da haka? Na san shi, ba ya sata ba ya ƙarya. Bambancin kawai shi ba shi da muƙami, ba shi da adireshin imel, kuma an koya masa cewa rashin kunya ne ka buɗe baki ka roƙi babba hannunka babu komai. Su ma suna da nasu kamun ƙafar, sai dai nasu ba ya kuka a tsakar gida. In wani saurayi daga Kaura ko Shinkafi ya zo yau yana tambayata hanyar shiga irin wannan aiki, ina gaya masa digiri da Faransanci da kwantiragi, sannan in ce ya je gida ya zaunar da manyansa ya faɗa musu da babbar murya cewa kada kowa ya je gaisuwa. Ba kwas ɗin da ke koyar da wannan.

Amma ban gama da ranar Alhamis ba. Doka ta ce kyautar da aka ƙi dole a mayar wa mai ita. Mai gadi ne ya riƙa zuba wa zabbin tsaba kwana ukun nan. Aka miƙo mini su da goron, har da wata takarda da mahaifina zai dangwala yatsa a kai, shaidar cewa kayansa sun dawo hannunsa. Kai, mutanen nan! Sun shekara huɗu a cikinmu ba su san cewa mayar wa dattijo kyautarsa ya fi mari ciwo ba. Na fita bayan katanga na shafa biro a babban yatsana na dangwala musu, na miƙa wa mai gadi. Na yi tunanin in saki zabbin a daji, ko in ba wani a hanya. Amma direba da mai gadi sun sani, kuma maganar da mutum biyu suka sani a Kaura ta riga ta kama hanyar Ɗan Isa. Gara ya ji daga wurina.

Bayan la'asar na isa. Yana zaune a kan buzu a ƙofar gida shi kaɗai, yana gyaran igiya. Tun daga nesa ya ga abin da ke rataye a babur. Na sauka, na ajiye su a gabansa, na durƙusa. Na ce an gode, amma dokarsu ta hana su karɓa, aikin kuma, Allah bai yi ba. Duk hanya ina tafe ina tsara maganganu masu zafi, in ce na gaya wa Baffa, in ce na roƙa a bari, in ce an rushe mini shekara huɗu a wuni ɗaya. Da na ga yadda ya ƙura wa zabbin ido, ko ɗaya ba ta fito ba.

Ya jawo su, ya fara kwance igiyar ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Yatsunsa suna ta kuskure ƙullin. Ya saki ta farko, ta tashi da ɗingishi. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya yi mini magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Sun yi kaɗan ko?"

Na ce a'a Baba, ba haka ba ne, ko me aka kai ba za su karɓa ba. Ya girgiza kai kamar wanda ake lallashi ya kuma gane lallashi ne.

"Ni rago nis so in kai," ya ce. "Baffanka yac ce zabbi sun isa. Da na bi zuciyata."

Na sake cewa ba daga nan ba ne. Na fara yi masa bayanin fom da gargaɗin da ke shafin ƙarshe, ina jin muryata tana fita kamar ta jami'in Abuja. Ya bar ni na kai aya. Ya kwance ta ƙarshe ya riƙe ta a hannu bai sake ta ba. Sai ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Na ɓata maka. Ka yahe mini."

Ina durƙushe a gabansa, shuɗin biro bai gama fita daga yatsana ba, kwafin takardar da na rubuta a kansa tana ninke a aljihun gaban rigata. Na ce ba komai Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ce amin, ya saki zabuwar.

Yana nan da ransa. Har yau ban gaya masa abin da na rubuta ba.